Hakkin Ɓera a Wuyan Ɗan Adam

Babu manomi a ƙasar Morai, ko Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, wanda ba shi da ƙara a kan ɓera. Shi ne mai huda rumbu ya ci gero tun ba a kai bazara ba, shi ne mai yanke shinkafa a gonakin da ruwan madatsar Bakolori ke shayarwa, daga cikin danginsa kuma akwai mai kawo zazzaɓin Lasa har cikin gida. Sabo da haka in yaro ya kashe ɓera ba mai tambayarsa dalili.

Amma akwai wani ɓera dabam wanda bai taɓa shiga rumbun kowa ba. A cikin keji a ke haihuwarsa, a ɗakin binciken likitoci. A ba shi abinci da ruwa har ya girma, sa'an nan ran nan a ɗauko allura a sa masa cutar mutum a cikin ƙwaƙwalwa da gangan, a zauna a jira a ga yadda za ta kashe shi. To, shin wannan aiki daidai ne, ko kuwa zalunci ne aka sa wa rigar ilmi? Alkali ba ya yanke hukunci bai ji ba'asi ba. Don haka sai a fara jin yadda abin ya faru.

A 1920 da 1921 waɗansu likitocin Jamus biyu, Creutzfeldt da Jakob, suka ba da labarin wata cuta wadda har yau da sunansu a ke kiranta. Yawanci dattawa ta ke kamawa. Ta kan fara da mantuwa, sa'an nan mutum ya riƙa tangaɗi in yana tafiya, jikinsa ya riƙa zabura, magana ta ɗauke, galibi kafin shekara ta kewayo ya rasu. In aka duba ƙwaƙwalwarsa da madubin likita sai a tarar duk ta huhhuje kamar soso. Ba ta da yawa, don a ƙasashen da a ke ƙidaya ta, cikin mutum miliyan ɗaya ba ta wuce ɗaya ko biyu a shekara. Amma wanda ta kama duk ba ya tashi.

Tumakin Ingila kuwa sun daɗe da wata cuta mai kama da ita, tun fiye da shekara 250 da suka wuce. Tunkiya ta yi ta goga jikinta a shinge har gashi ya zube, ta rame, ta yi ta layi, ta mutu. A 1936 waɗansu likitocin dabbobi na Faransa, Cuillé da Chelle, suka nuna cewa a kan iya ɗaukar cutar daga tunkiya a sa wa wata, sai dai ta kan wuce shekara ba ta bayyana ba.

Can kuma a tsibirin Nugini, gabas mai nisa, akwai wata kabila da a ke kira Fore. Wata cuta ta shiga cikinsu wadda su ke kira kuru, watau makyarkyata. Mata da yara ta fi kashewa, har a wajen 1957 ta kan ɗauki rai kamar 200 a shekara. Su mutanen sun ɗauka sammu ne, har suna kashe juna a kan zargin maita, aka tara mutuwa a kan mutuwa. A 1957 likitoci biyu, Zigas da Gajdusek, suka bayyana wa duniya labarinta. A 1959 wani likitan dabbobi, Hadlow, ya ga hotunan ƙwaƙwalwar masu kuru, ya ce ai wannan irin ta tumaki ce, ya ba da shawara a sa wa biri a jira. Aka bi shawararsa a 1963, aka sa wa manyan biran nan masu kama da mutum, waɗanda a ke kira cimfanzi. Bayan kamar shekara biyu suka fara makyarkyata. Nan aka tabbata cutar ɗauka a ke yi. Hanyarta kuwa ita ce al'adar mutanen ta cin naman mamacinsu don girmama shi, mata da yara su ne masu cin ƙwaƙwalwa. Da al'adar ta mutu a wajen 1960, cutar ta yi ta raguwa, ko da ya ke akwai waɗanda ta kwanta a jikinsu shekara 50 kafin ta tashi. A 1968 aka ba da labarin an sa wa biri cutar Creutzfeldt da Jakob, ita ma ta kama shi.

Biri yana da tsada, ga wuyar kiwo, ga shi kusa da mutum ainun. Sai masu bincike suka juya ga ƙananan dabbobi. Tun 1961 wani Bature mai suna Chandler ya sami sa wa ɓera cutar tumaki. Tsakanin 1975 da 1978 wani likita da matarsa, su Manuelidis, a Jami'ar Yale ta Amurka, suka sa cutar mutum ga ɓeran Masar, da ɓeran gida, da wani ɗan ɓera mai kumatu da a ke kira hamsta. A 1979 Tateishi ya yi irin wannan a birnin Fukuoka na Japan. Tun daga nan ɓera ya zama shi ne mai ɗaukar wannan kaya.

Me aka samu? Abu na fari, an gane mai kawo cutar. A 1982 wani likitan Amurka, Prusiner, bayan ya yi shekaru yana aiki da ƙwaƙwalwar hamsta, ya ce abin nan ba ƙwayar cuta ba ce irin wadda aka sani mai rai da haihuwa. Wani sinadari ne, furotin, wanda ke cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum da kowace dabbar gida, a naɗe bisa ƙa'ida. Idan guda ya naɗu a karkace, sai ya taɓa na kusa da shi, shi ma ya karkace, wannan kuma ya taɓa wani, har su taru su kashe ƙwaƙwalwa. Misalinsa kamar ɗan tsohon nono ne da Bafillatana ke zubawa cikin madara, kafin gari ya waye duk ƙwaryar ta juya. Sai dai shi wannan ba dare ɗaya ya ke yi ba, shekaru ya ke ɗauka. Prusiner ya raɗa masa suna firiyon. Malamai da yawa suka ƙi yarda. A 1993 masu bincike a Zurik suka sami ɓerayen da aka cire musu wannan sinadari tun daga halitta, suka sa musu cutar, ba ta kama su ba. Inda ba madara, tsohon nono ba shi da abin juyawa. A 1997 aka ba Prusiner kyautar Nobel.

Abu na biyu, an gane cewa tafasawa ba ta kashe firiyon, haka kuma magungunan wanke kayan asibiti da aka saba. A 1977 an ba da labarin matasa biyu da suka ɗauki cutar ta wayoyin da aka sa musu a ƙwaƙwalwa, waɗanda aka taɓa sa wa mai cutar, alhali kuwa an wanke su. Ta gwaji a jikin dabbobi aka auna irin wankin da ke aiki, watau jiƙa kaya cikin soda mai ƙarfi da turara su a tukunyar tururi mai zafin digiri 134.

Abu na uku ya shafi shanu. A 1986 aka gane wata sabuwar cuta a garkunan Ingila, wadda a ke kira haukan shanu. Asalinta shi ne an riƙa niƙa ƙashi da ragowar naman shanu da tumaki ana haɗawa cikin abincin shanu don su yi nono da ƙiba, aka mai da mai cin ciyawa mai cin ɗan'uwansa. Shanu fiye da 180,000 aka tabbatar sun kamu, aka hallaka miliyoyi don tsare sauran. Shekara goma hukuma tana kwantar wa mutane da hankali a kan nama. Ran 20 ga Maris, 1996, ministan lafiya ya tashi a majalisa ya ce an ga wata sabuwar irin cutar a jikin matasa goma, ana kuma zaton daga shanu ta fito. Zato kuwa ba shaida ba ne. Wata malama a Edinbara, Moira Bruce, ta sa wa waɗansu ɓeraye ƙwaƙwalwar shanu masu cutar, waɗansu kuma ta mutum uku da suka rasu. Aka jira kusan shekara. Ɓerayen duka suka kwanta a lokaci guda, ƙwaƙwalwarsu ta huje a wurare iri ɗaya. A 1997 aka buga wannan, gardama ta ƙare. Mutum 178 wannan cuta ta kashe a Birtaniya.

To, ga ba'asi an ji. Saura hukunci.

Akwai masu cewa wannan ba abin tambaya ba ne. Ɓera ɓarawo ne, in an kashe shi an rage mugun iri. Wannan magana ba ta tsaya ba. Manomin da ya kafa tarko a bakin rumbu abincin 'ya'yansa ya ke tsarewa, kuma wanda ya yi ɓarna shi ya ke kamawa. Ɓeran keji bai ci geron kowa ba. Ba a kama jika da laifin da ko kakansa bai yi ba. In za a halatta abin da a ke yi masa, lalle a nemi wani dalili ban da horo.

Waɗansu kuma su ce, tun da ana yanka rago a ci, me zai hana a yi gwaji da ɓera? Wannan ta fi ta farin ƙarfi, amma sai mai faɗinta ya je mahauta ran kasuwar Talata ya duba da kyau. Yanka yana da ladabi. A kan wasa wuƙa ta yi kaifi, ba a wasa ta a gaban dabba, ba a ja mata rai, cikin ɗan lokaci an gama. Mahaucin da ya yi wasa da wannan, Sarkin Pawa ba zai ƙyale shi ba. Ashe ko inda aka halatta ɗaukar rai ba a halatta azaba ba. Ɓeran da aka sa wa firiyon kuwa ya kan yi kwanaki yana layi, ya rame, ya kasa gyara gashinsa. Misalin yanka bai buɗe ƙofa duka ba, sharuɗɗa ya kawo. Malamai ma sun daɗe suna karantar da labarin matar da ta ɗaure kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba, aka kama ta da hakkinta. Ƙanƙantar dabba ba ta sauke hakkinta.

A ɗaya gefen akwai masu cewa a daina sam, ko da wane dalili, don dabba tana jin zafi kuma ba a nemi yardarta ba. Tausayinsu abin yabo ne, kuma suna da hujjar da ba a iya turewa da hannu ɗaya. Su kan ce, yau shekara kusan 50 ke nan ana sa wa ɓera cutar mutum, ɓerayen da suka mutu ba su ƙidayuwa, ga shi har yanzu ba a sami maganin da ya warkar da mutum ko guda ba. Gaskiya ne. Su kan ce kuma ɓera ba mutum ba ne, sau da yawa a kan sa masa cutar mutum ta ƙi kama shi, har sai da aka riƙa sauya halittarsa a sa masa sinadarin mutum. Wannan ma gaskiya ne.

Amma sai a tambaye su, in ba a gwada a jikin ɓera ba, a jikin wa za a gwada? Cuta ba ta fasa koyar da mutane don an rufe ɗakin bincike, sai dai ta koyar da su a maƙabarta. Mutanen Fore sun yi shekaru suna binne matansu, suna kashe maƙwabtansu a kan laifin da ba su yi ba. Firiyon kuwa ba ya ganuwa da ido, a wancan zamani kuma ba wata hanyar sanin yana cikin nama, ko jini, ko wuƙar likita, sai a sa wa mai rai a jira. Ko da ba a sami magani ba an sami rigakafi, rigakafi kuwa ya fi magani. Yaron da bai ci gurɓataccen nama ba, da majinyacin da aka yi wa aiki da tsabtataccen ƙarfe, ba su san an cece su ba, don wanda bai mutu ba ba a rubuta sunansa.

Makiyayan Bakura da Maradun sun ci irin wannan moriya tun da daɗewa. Kakanninsu sun ga yadda bushiya ta share garkuna bayan 1890, iyayensu kuma sun ga dawowarta a 1983. A 1924 aka kafa ɗakin binciken dabbobi a Vom, kusa da Jos, babban aikinsa na fari kuwa yaƙi da bushiya. Da jinin shanu aka fara yin maganin, daga baya aka riƙa bi da ƙwayar cutar ta jikin awaki don ƙarfinta ya ragu. Awaki da yawa sun mutu domin shanu su rayu. A 2011 aka yi shela cewa bushiya ta ƙare a duniya duka. Haka kuma wanda mahaukacin kare ya ciza, aka yi masa allura ya tsira, yana cin gajiyar zomayen da Pasteur ya yi aiki da su a Faransa har ya ceci wani yaro a 1885. Wanda ya sha nonon saniyar da aka yi wa huji ba shi da bakin cewa ba ruwansa. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Ashe dai hanyar gaskiya a tsakiya ta ke, amma ba mai sauƙi ba ce. Larura ce kaɗai ta halatta wannan aiki, larura kuwa tana da awo. Mai yunwa da ya shiga gonar wani ya karya rogo don kada ya mutu, an yi masa uzuri a kan abin da ya ci, ba a yi masa uzuri a kan buhu ba. Ran ɓera aro ne ɗan Adam ya ɗauka ba da izinin mai shi ba, wanda ya yi irin wannan aro kuwa ya wajaba ya ɗauki kaɗan, ya riƙe da kyau, ya daina da zarar ya sami nasa.

A 1959 malamai biyu na Ingila, Russell da Burch, suka tsara wannan cikin ƙa'idodi uku, waɗanda ƙasashe da yawa suka shigar cikin dokokinsu. Ta ɗaya, in akwai hanyar da ba ta bukatar dabba, a bi ta. Ta biyu, in ba makawa, a rage yawan dabbobin. Ta uku, a rage musu wahala, a sa su barci kafin allura, in cutar ta bayyana kuma a hutar da su, kada a jira ta gama da su.

Ba magana ce ta fatar baki ba, don an ga aikinta. Da fari, auna ƙarfin cutar a abu guda ya kan ci ɓeraye 60 da jiran shekara. Prusiner ya kawo hanyar da ke bukatar hamsta 4 da kwana kamar 70. A wajen 1960 Plowright, a Kenya, ya sami raya ƙwayar bushiya a cikin kwalba, awaki suka huta, da allurarsa kuma aka ƙarasa cutar. A 2011 masu bincike a Nagasaki suka nuna yadda za a gane firiyon cikin ruwan ƙashin bayan majinyaci a kwana biyu ko uku, ba tare da an taɓa dabba ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta daina gwaji da cimfanzi ɗungum. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan biyan bashi ne. Mai binciken da ya iya bin sabuwar hanya ya ƙi, don lalaci ko don neman suna, larurarsa ta faɗi, abin da ya rage masa zalunci ne.

Ya kamata kuma a sani ba ɓera kaɗai ke biyan kuɗin wannan ilmi ba. A 2010 wata yarinya mai aiki a wani ɗakin bincike a Faransa ta soki ɗan yatsanta da ƙarfen da ya taɓa ƙwaƙwalwar ɓera mai cutar shanu. A 2019 ta rasu da cutar, tana da shekara 33. A 2021 aka dakatar da irin wannan bincike a ƙasar na ɗan lokaci don a sake duba tsaron ma'aikata. Aikin da ke cin ran dabba, ya kuma iya cin ran mai yinsa, ba a shigarsa sai da dalili mai nauyi.

Mai karatu zai ce duk wannan labarin nesa ne. Bai kai nisan da a ke zato ba. A 2015 da 2016 likitocin dabbobi a mayankar Wargala, cikin hamadar Aljeriya, suka lura da raƙuma masu rama, da rawar jiki, da tangaɗi. Aka duba ƙwaƙwalwar uku aka sami firiyon, aka sanar a 2018. Raƙumi kuwa ba ya sanin iyakar ƙasa, hanyar hamada kuma tun zamanin kakanni ta haɗa arewa da kasuwannin ƙasar Sakkwato da Zamfara. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali ya kan shafa wa nasa ruwa. Dabbar da ta sauya hali, tana layi, tana faɗuwa, ba a gaggauta yanka ta a kai kasuwa don kada a yi hasara, malamin dabbobi a ke kira ya duba. Mai turke kuma ya tsaya ga dusa da harawa da ƙowa, kada ya yarda a haɗa wa saniya ko tunkiya ragowar 'yar'uwarta. Wannan sani da rayukan dabbobi masu yawa aka saye shi. Wanda ya ji ya yi watsi da shi ya sa sun mutu a banza.

Hukuncin kuma bai tsaya ga likitoci ba. In ana tambayar masani a kan ɓeran da ya wahalar don ceton rai, ina ga mai jakin da ya labta masa kayan da ya fi ƙarfinsa a kan miki, ko mai ɗaure kaji ƙafa sama cikin rana tun safe har la'asar, ko yaran da ke jifan kare don wasa? Shi masani yana da larurar da zai kawo a gaban alkali. Su waɗannan ba su da ko ɗaya. An ba ɗan Adam iko a kan dabba, ikon kuwa amana ne, kuma amanar wanda ba shi da bakin kai ƙara ita ce ta fi kowace wuyar riƙo.